Dabinon da Na Ba Lami

Ranar sunan jikar Malam Haruna a Vénissieux, kusa da Lyon, ina zaune ina fama da ƙashin rago, sai Nafisa, ɗiyar wani abokina wadda ke karatun lauya, ta zo ta gaishe ni. Da ta gama sai ta ce, "Tonton Lawali, walla aikinka ya hi na kowa daɗi. Ka tashi da sahe, ka ba biri banane, a ɗauke ka hoto, ka koma gida. Ni ma in na gaji da fac, jami'ar nan tamu, wurinka zan taho." Samari da ƴammatan da ke wurin suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don baki cike da nama ba ya musu. Amma na koma gida da maganar, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku da kuke yi wa rogo kallon kitse.

Da farko dai, ba biri ba ne. Na gaji da faɗa, har yau a Château Rouge, kasuwar mutanenmu ta Paris, Sarkin Birai ake ce mini, na haƙura. Dabbar da na yi wa hidima sunanta bandro. Dangin biri ce ta nesa, cikin waɗanda Faransawa ke kira lémurien, girmanta bai wuce na ƙaramar kyanwa ba, gashinta toka-toka, fuskarta a zagaye kamar ta wanda aka tasa daga barci bai shirya ba. A duk duniya wuri ɗaya take rayuwa, cikin dogayen ciyayin ruwa da ke kewaye da wani tafki a tsibirin Madagaska. Ba ta da gari na biyu. Mutanen wurin talakawa ne irin namu, suna ƙone fadamar don su samu gonar shinkafa da wurin kamun kifi, ni kuwa da na san yunwa ba na saurin ganin laifinsu. A jerin dabbobin duniya da ke cikin haɗari, bandro tana matakin da daga shi sai a ce ta ƙare a daji. Don haka aka ajiye ƴan kaɗan a gidajen namun daji na Turai, ana haɗa su aure da lissafi, ko da wuta ta cinye fadamar a samu iri.

Ni ba da niyya na shiga aikin ba. Na zo daga Tasawa farkon shekarun dubu biyu don karatun ilimin halittu, da burin in koma gida in zama babban likitan dabbobi mai mota da direba. Ina zaune a wani ɗaki a Bobigny, gefen Paris, tare da wasu ƴan Damagaram biyu, karatu ya yi nauyi, aljihu kuwa babu nauyi, sai na ga an liƙa takarda a jami'a ana neman mai taimako a wani gidan namun daji da ke bayan Paris. Na ce in yi wata uku in ga. A lokacin ko furfura ɗaya ba ni da ita.

Aikin farko da Madam Odile ta ba ni shi ne kashi. Madam Odile ita ce shugabar sashenmu, ƴar gajeruwa mai furfura, ta fi shekara ashirin a wurin, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, abin da ya ƙara mata ban tsoro. Ta miƙo mini takalmin roba da bokiti da buroshi, na nufi ɗaki zan fara shara, sai ta riƙe hannun rigata. Ta ce kafin a share sai an karanta. Ka durƙusa, ka duba yawansa da launinsa da taurinsa da inda aka yi shi, ka rubuta a ɗan littafin aljihu da muke kira karne. Dabbar da ba ta da lafiya ba ta faɗa, ɓoyewa ma take yi, domin a daji mai rauni ake fara ci. Kashinta ne kawai ba ya ƙarya. Wata uku na yi ina wannan karatu. Da tsohuwata ta tambaye ni a waya aikin me nake yi, na ce mata bincike, ta sa mini albarka.

Kowane ɗaki da bokitinsa da buroshinsa, ba a haɗawa. A bakin kowace ƙofa akwai kwanon maganin ƙwayoyin cuta da za ka tsoma takalmi kafin ka shiga. Ƙofofin biyu-biyu ne, ba ka buɗe ta ciki sai ta waje ta rufu, ka kuma ja ta da hannu ka tabbata. In mura ta kama ka, ka rufe hanci da baki, domin abin da zai sa ka atishawar kwana uku yana iya kwantar da su gaba ɗaya. Duk wannan ba a biyan kowa don ya ɗauki hotonsa.

Yankan gora shi ne aikin da ya fi cin jiki. A fadamarsu ciyawar ruwa bandro take ci, a nan kuwa ganyen gora da tohonta ne suka fi kusa da abin da ta sani. Akwai wani lungu a bayan gidan da aka shuka gorar, kullum da sassafe sai in tafi da almakashin lambu da igiya. A tsakiyar sanyi ganyen na ɗauke da ƙanƙara, safar hannu ta jiƙe, yatsu su daina jin maganarka. Ba a yanko ta bakin titi saboda hayaƙin mota. Ba a yanko wadda tsuntsaye suka kwana a kanta. Ka kawo, ka wanke, ka ɗaure ta a tsaye jikin reshe, domin bandro a tsaye take kama kara ta ci, abin da ya faɗi ƙasa ya zama na shara. Wata rana ka yanko dami guda, hanci na zuba, ta sansana ta juya maka baya don ganyen ya tsufa a ganinta. Sai ka ɗauki almakashi ka koma.

Bayan gora akwai ɗan ƙarin abinci da ake ba da shi da ma'auni, gram-gram: wasu ƴan dunƙule da ake sarrafawa musamman don masu cin ganye, da ɗan kokwamba, da ganyen salati. Ranar farko da na ga kwanon na ɗauka Madam Odile ta manta ba ta zuba sauran ba. Na ce, "Madame, ayaba fa?" Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce ayaba da mangwaron kasuwa mutane suka gyara su don bakin mutane, zaƙinsu ya fi ƙarfin cikin dabbar da aka halitta a kan ciyawa. In ta ci sai ta yi ƙiba, macen da ta yi ƙiba kuwa da wuya ta ɗauki ciki. Ta maimaita sau biyu, na rubuta a karne da hannuna. Ina faɗa muku wannan ne don kada nan gaba wani ya tausaya mini ya ce rashin sani ne. Na sani sarai.

Masu ziyara kuwa, Allah ya ba su lafiya, su ne rabin wahalar. Mutum ya sayi tikiti, ya zo gaban gilashi, ya tarar da dunƙulen gashi a ƙudundune cikin ganye, sai ya fara ƙwanƙwasa gilashin da makulli. "Monsieur, ya mutu ne?" Bai mutu ba, hutawa yake. "To ka tashe shi mana, yarona na son gani." Wasu su jefo biskit ta saman waya a filin waje. Ni ne kuwa gwanin wa'azi. Akwai allon da na rubuta da hannuna cewa an hana ba dabbobi abinci, sai in tsaya kusa da shi ina yi wa iyaye bayanin zaƙi da ƙiba da haihuwa da Faransanci mai tsabta. Wata malamar makaranta har tafa mini ta taɓa yi a gaban ɗalibanta.

Lami ta iso ranar Alhamis, shi ya sa na raɗa mata sunan. Na takarda wani dogon suna ne na Madagaska da harshena ya ƙi. Daga wani gida na ƙetaren teku aka kawo ta cikin akwatin katako, da takardun da suka fi nawa kauri, ga shi ba ta taɓa tsayawa layin neman katin zama ba. Madam Odile ta tara mu ta yi bayani. Iyayen Lami daga fadamar aka kamo su tun da daɗewa, sun mutu, ita kaɗai ce ɗiyarsu da ta rayu. Sauran bandro na Turai kusan duk dangin juna ne, ɗan wa da ɗiyar ƙane, jinin Lami ne sabo. Akwai wata mata a wata ƙasa da ke riƙe da littafin zuriyarsu, ita ke cewa wane ya auri wance, ta zaɓa wa Lami wani namiji namu da nake kira Bawa. In Lami ta haihu, jinin iyayenta ya shiga cikin irin. In ta mutu ba ta haihu ba, ya tafi ke nan, don an daina kamowa daga daji. Kuma ba yarinya ba ce, shekarun haihuwar da suka rage mata ƙidayayyu ne. Ni aka ɗora wa kula da ita, sai da kaina ya fasu. Cikin wata biyu na koya mata hawa ma'auni da kanta, nauyinta kilo ɗaya da ɗan kai.

Azumin shekarar ya faɗo lokacin da rana ke faɗuwa daidai da zagayen ƙarshe na rufe ɗakuna. Wata rana magariba ta same ni a lungun bayan keji, ba kowa, na kife bokiti na zauna, na fiddo dabino uku daga aljihu. Na kai na farko baki ke nan sai na ji ana kallona. Lami ce, ta sauko ta kama waya da hannu biyu, idanunta a kan bakina. To ku da aka haifa a nan, kuna iya buɗe sandwich cikin jirgin metro ku cinye tas mutum na zaune gabanku. Ni ba haka aka rene ni ba. A gidanmu ko ɗan maƙwabta ne ya leƙo kana ci ba ka ce masa bismillah ba, sai kakata ta ɗauke kwanon. Abincin da aka ci ido na kallo, in ji ta, ba ya zama a jiki. Ga wata mai alfarma, ga baƙuwa da aka raba da kowa nata aka kawo ƙasar sanyi, kamar dai ni. Na juya mata baya, loma ta ƙi wucewa. Sai na ji bakina ya ce, "Bismillah, Lami." Na ɓantari ɗan abin da bai kai ƙumba ba na miƙa. Ta karɓa da ƴan yatsunta masu sanyi, ta ci, ta lumshe ido. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Na ce daga yau ba ƙari. Washegari ta riga ni zuwa wurin. Azumi ya wuce, dabino bai wuce ba. Daga ɓantare ya koma rabi, daga rabi ya koma guda, har ya kai uku, ran Juma'a da yankan mangwaro a kai. Bawa ba ya samu, don a wajen bandro mace ke mulki, in ya matso sai ta kwaɗa masa mari ya koma gefe yana kallon bango. A Château Rouge nake saye, shagon Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi mai sayar da kayan miya da busasshen kifi. Da ya ga na yawaita sai ya ce, "Sarkin Birai, wanga dabino duk kai ɗaya ka ci nai?" Ni kuma bakina ba linzami, na kwashe labari na ba shi. Abin ya burge shi ƙwarai. Daga ranar yake ware mini mai laushi, ya ce, "Wanga na baƙuwarka ne, sadaka. A gaishe ta."

Sai muguwar shekara ta zo. Duk farkon wata nake ɗora Lami a ma'auni, duk wata lamba na hawa, ni ke rubutawa da hannun da ke miƙa dabinon. Lokacin haihuwa na farko ya wuce shiru, aka ce baƙunta ce. Na biyu ya gabato Lami ta doshi kilo biyu. In ta zauna kan reshe sai ya lanƙwasa, tsalle ma ta daina, sai dai ta tako a hankali kamar hajiyar da ta fito daga gidan biki. Likitan gidan ya rage mata kwano. Ni kuwa da na ga kwanon ya koma abin tausayi, sai na ƙara dabino don in cike gibi. Ya sake ragewa, na sake ƙarawa. Wata shida muna wannan ja-in-ja da mutumin, shi bai ma san da wa yake yi ba.

Aka sa ta barci aka ɗebi jininta, abin da ke da haɗari ga dabba mai ƙiba, ina tsaye ina riƙe da ƙafarta. Aka zargi wata cuta. Aka zargi Bawa, aka duba shi, bawan Allah lafiyarsa lau. Aka zargi masu ziyara, aka ƙara wa waya tsawo, aka ce in ƙara sa ido, na ƙara. Za ku ce me ya hana ni dainawa. Na daina sau uku. Kowane karo sai ta zo ta kama waya tana wani ɗan gurnani ƙasa-ƙasa, in daure kwana biyu, in ce to rabi kawai. Me ya hana ni faɗa kuwa? Tsoro ne, da kunya, da wani wawan tunani cewa dabino uku ba su isa su hana haihuwa ba. Ban tsaya na lura cewa dabino uku a cikin dabba mai kilo ɗaya daidai yake da in zauna in cinye tire guda ni kaɗai kullum ba. Lokacin haihuwa na biyu ya zo ya wuce.

Asirin ya tonu wata Lahadi da rana. Alhaji Mamman ya ɗebo iyalinsa mota biyu suka zo ganin wurin aikina, ya sha babbar riga. Ina nuna musu Lami ta gilashi sai ga Madam Odile za ta wuce da bokiti. Na gabatar da su, na ce shugabata ce. Alhaji ya gyara hula, ya yi mata doguwar gaisuwa da Faransanci, ya tambayi aiki da gajiya da iyali, sannan ya nuna Lami da alfahari.

"Madame, kin ga yadda ta yi kyau? Les dattes, c'est moi. Duk daga shagona suke, ko dala ban taɓa karɓa ba."

Na taka masa ƙafa. Ya juyo da Hausa ya ce, "Kai, Lawali, lahiya? Ƙahwata ce hwa ka taka."

Madam Odile ta ajiye bokitin a hankali. "Wane dabino?"

"Na Lami mana," in ji Alhaji. "Shekara biyu ke nan. Dubi wuyanta, tubarkalla. Ai da ta zo ƙashi ce da fata, shi ya faɗa mini."

Ban taɓa faɗa masa haka ba, amma wannan ba lokacin gyaran labari ba ne. Ta yi masa godiya cikin ladabi, ta ce ya ji daɗin ziyara, ta dube ni ta ce in same ta in na sallami baƙina. Alhaji ya bi ta da kallo ya ce, "Matar kirki. Ka ga yadda ta ji daɗi?"

A ɗakin aikinta ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce in faɗi tun yaushe, nawa a rana, wane iri, ta rubuta duka don likita na bukata. Sannan ta ce, "Me ya sa?" Na fara yi mata bayanin kakata da kwano da ido, da Faransanci abin ya fito kamar tatsuniya. Ta ce, "Lawali, ba baƙuwarka ba ce. Ba ma tamu ba ce. Ajiya aka ba mu." A jirgin komawa Bobigny na yi ta juya maganar. Amana ke nan, ita kuwa kakata ta yi mini karatunta fiye da na kwano, ni ne na ɗauki darasin da ya fi daɗi na bar ɗayan.

Na yi zaton kora ce. Sati uku aka mayar da ni wanke ɗakin kunkuru, waɗanda ba sa kallon kowa. Sai mai littafin zuriya ta yanke shawara: a kai Lami wani ƙaramin gida kusa da Lyon, inda akwai namiji mai ƙuruciya da fili mai faɗi, a yi gwaji na ƙarshe. Madam Odile ta kira ni ta ce ni kaɗai Lami ke hau wa ma'auni. "Ka bi ta. Kai ka ɗora, kai za ka sauke." Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na tattara kayana na samu ɗaki a Vénissieux. Takardar da Madam Odile ta aika wa mutanen can kuwa ba ta rage komai ba, har Alhaji Mamman yana ciki, don haka tun ranar farko Monsieur Dattes suke ce mini, wato mai dabino.

Sauke ƙiba ya fi ɗora ta wuya, ku tambayi iyayenku. Ba a yin sa da gaggawa don kada a kwantar da dabbar, gram kaɗan ne a wata. Na daina ɗaure gora wuri ɗaya. Sai in raba ta gida takwas, in hau tsani in ɗaura can ƙololuwa, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, yadda duk loma sai ta yi tafiya. Satin farko ta zauna ƙasa tana kallona tana gurnani, ta ƙi hawa. Sati na biyu ta cije ni a babban yatsa, tabon na nan. Na sa zare da allura na ɗinke aljihunan rigar aikina, don na san halin mai rigar. Da azumi ya zagayo, a ɗakin canza kaya nake buɗe baki, ƙofa a rufe. Wata goma sha huɗu aka yi kafin ta dawo kusa da nauyin da ta zo da shi. Ta koma tsalle. Ta kuma daina saukowa wurina. In na shigo sai ta koma reshe mafi nisa, ma'auni ma sai da lallashi. Abin ya yi mini ciwo, na kuma san na cancanta.

Shekarar farko a Lyon shiru. A ta biyu lamba ta sake fara hawa. Watan farko na ce ma'aunin ne. Wata na biyu shugaban sashenmu na can, mutum mai kunya, ya ja ni gefe yana kallon takalminsa. "Monsieur Lawali, ba zargi ba ne, amma..." Na nuna masa ɗinkakkun aljihuna, na rantse, na ce a kafa kamara. Bai yarda ba, ni ma da ni ne shi ba zan yarda ba. Aka hana ni shiga wurinta ni kaɗai, sati biyar ina aiki da mai gadi a bayana. Sai da likitar wurin, mace mai haƙuri, ta zauna ta kalli Lami awa guda daga nesa, sannan ta zo ta ce ƙibar nan ba a wuya take ba, ba a cinya ba, wuri ɗaya ta taru, ciki ne. Ba wanda ya ba ni haƙuri, ban kuma nema ba.

Ranar da abin ya faru na shigo da safe da damin gora a kafaɗa, na leƙa ta ƙaramar taga kafin in buɗe, kamar yadda aka saba. Lami na kan reshe da wani abu a bakinta, ɗan mitsitsi, jiƙaƙƙe, jelarsa na lilo kamar zare. Gorar ta zube ƙasa. Na ce shi ke nan, azabar yunwar da na gana mata ta sa za ta cinye ɗanta. Ba kowa a sashen. Na kira Madam Odile, wadda ta riga ta yi ritaya tana wani ƙauye tana noman tumatir.

"Madame, ta haihu! Tana cinye shi, yana bakinta!"

"Yana motsi?"

Na sake leƙawa. "Yana motsi."

"Akwai jini a bakinta?"

"Babu."

"Lawali, haka suke ɗaukar jariri a kwanakin farko. Yana cikin karnenka, ni na yi maka shifta."

Yana ciki kuwa. Amma shekara tara ina hidimar bandro ban taɓa ganin jaririnta da idona ba, kun kuma san aikin wa ne.

Na ce, "To me zan yi?"

"Ba komai. Ka rufe tagar, ka ɗaura gora a ɗaki na gefe, ka fita. Kada ka shiga, kada ka tara mata mutane, kada ka ba ta komai. Za ka iya?"

Na ce zan iya. Kwana goma na yi ina wucewa ta ƙofar da sanɗa, ni da a garinmu in aka yi haihuwa kafin azahar gida ya cika. Duk sana'ar nan ban taɓa yin aikin da ya kai wannan wuya ba.

Abin da ta haifa mace ce. Ta rayu, ta girma, mai littafin zuriya ta aika da ita wata ƙasa, na kuma ji ta hayayyafa. Lami ba ta sake ɗaukar ciki ba, shekaru sun cim mata. Bayan shekara uku ta mutu, nauyinta daidai. Da na je gaida Madam Odile a ƙauyenta, muna zaune a lambu, na tambaye ta abin da na daɗe ina tsoron tambaya: da ban yi abin da na yi ba, da nawa za a samu? Ta ce bandro kan haifi tagwaye, shekarun da suka tafi kuwa su ne mafi kyawu ga Lami. Ta ɗan ƙirga da yatsu.

"Biyar, ko shida," ta ce. "An samu ɗaya."

Na ce, "Ɗaya kawai."

"Ɗaya ba babu ba ce. Sha shayinka, zai huce."

Na sha. A jirgin komawa Lyon na kama kaina ina raɗa wa sauran biyar ɗin suna.